Surukin da Ba Ya Ji

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya a duk tashar da jirgin ruwanku ya tsaya. Yaya aiki, yaya zafin murhu? Ina fata ƙafar ta daina kumbura, kuma kana samun wuri ka zauna tsakanin girkin rana da na yamma kamar yadda ka yi mini alkawari. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ta shanya kaya da kanta, ko da yake tana saukowa tana mita. A shagon tabarau kuma an sayo sabon injin yanka gilashi, ni aka ɗora a kansa.

Baffa, akwai magana. Tun rasuwar Abba kai ne ubana, kai ne waliyyina, ba na so ka ji a bakin wani. Akwai mai nemana da aure, ni ma kuma ina so.

Mai ɗinkin kujeru ne. Shagonsa yana tsallaken titi daidai ƙofar shagonmu, tsakanin mai wanki da kantin magani. Na daɗe ina hango shi ta taga yana fito da tsofaffin kujeru rana yana yaye musu yadi, ban san shi ma yana hangona ba. Ranar da ƙusar tabaransa ta faɗi ya shigo na gyara masa, na ce ya bar kuɗin kawai. Da na dawo daga cin abinci sai na tarar kujerar da nake zama, wadda soso ya leƙo ta gefenta, ta yi ɓatan dabo. Washegari ta dawo da sabuwar riga. Daga nan aka fara.

Yana da sana'a, yana da tsafta, shi yake riƙe da mahaifiyarsa. Abu ɗaya zan gaya maka tun yanzu, don kada ka zo ka gani ka ce na ɓoye maka: ba ya ji. Tun yana ƙarami haka yake. Iyayensa sun kai shi wurare da yawa ba a dace ba, daga baya suka haƙura suka karɓe shi a yadda yake. Duk layin an san shi da haka. Umma ta ɗan yi jim da farko, amma da ya zo gidan ta zauna da shi sai ta ce ba ta ga abin damuwa ba. Ni kuwa na koyi yadda ake magana da shi.

Mutanensa suna so su zo gaisuwa, na ce sai na ji daga gare ka.

'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta hawo jirgi tare da buhunan albasa, a tsaye na karanta ta a bakin murhu. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata benen nan ba gudu zai yi ba, ta riƙa binsa a hankali.

Na ji daɗi da kika fara gaya mini. Rabin farko ina karantawa ina murmushi, har shinkafa ta kusa kamawa. Da na zo ƙarshe sai murmushin ya tsaya.

Uwata, na tsufa ina ciyar da maza a cikin ƙarfen nan, na san irin waɗanda ba sa ji. Bara mun yi tafiya da wani. Kyaftin ya yi magana, babban injiniya ya yi, ni ma da furfurata na yi, ko a jikinsa. A ce masa kada ya sha taba kusa da tankin mai, sai ya kalle ka ya ƙyasta ashana. Shi ma yana da fara'a, shi ma ya iya kyauta. A ƙarshe a wata tasha aka sauke shi da jakarsa kafin ya ƙone mu.

Kin ce iyayensa sun kai shi wurare sun gaji sun haƙura. To wanda bai ji ta uwar da ta haife shi ba, taki zai ji? Kin ce kin koyi yadda ake magana da shi. Yau da gobe za ki gaji. Na kuma yi mamakin mahaifiyarki da ta ce ba ta ga abin damuwa ba.

Ban rufe ƙofa ba. Irin wannan wani lokaci yakan gyaru. A ba shi lokaci, idan ya fara ji sai su zo. Amma a yadda yake yanzu, ba zan ɗauki 'yar yayana in ba shi ba.

Baffanki

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Ni lafiya, ina fata ku ma haka. Mun tsaya a tasha, mun tashi, mun sake tsayawa a wata, wakilin kamfani yana hawowa da takardun kowa ban da ni. Wannan ba halinki ba ne. Idan rashin lafiya ne a gaya mini. Idan fushi ne ki rubuto ki yi shi a takarda, zan ɗauka. Na ga yadi mai kyau a kasuwar bakin tasha na saya miki, yana cikin akwatina, kullum na buɗe sai in ji ba daɗi.

Baffanki

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, ka kwantar da hankalinka. Takardunka duka sun zo. Fushi ne, kuma zan gaya maka yadda ya ƙare.

Ta farkon a shago na karanta ta. Da na kai inda ka ce idan ya fara ji sai su zo, na shiga bayan labule inda muke gwada ido na zauna a kujerar marasa lafiya na yi kuka. Na ce ashe Baffa, wanda ya goya ni, zai iya faɗin haka a kan abin da mutum bai ɗora wa kansa ba. Na ɓoye takardar. Shi kuma kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar shagonsa ya tambaye ni da hannu ko jirgi ya amsa, ni kuma in ce tukuna. Na yi ta fara rubuta maka ina yagewa.

Da ta biyun ta zo Umma ta tsare ni a kicin ta ce sai na ba ta ta farkon. Ta sa tabarau tana karantawa a fili, fuska a murtuke. Tana zuwa wajen mai taba da ashana sai ta tsaya, ta koma baya ta sake karantawa. Sai ta cire tabarau ta ce, "Ke, me kika rubuta wa mutumin nan?" Na faɗa mata. Baffa, Umma ta yi dariya har ta dafa firiji. Ta ce, "Shi fa taƙadari ya ɗauka za ki aura."

Baffa, kurma ne. Kunnensa ne ba ya ji. Wuraren da aka kai shi asibitoci ne. Maganar da na ce na koya, maganar hannu ce. Ban rubuta kalmar ba saboda na gaji da yadda mutane suke yi da fuska idan sun ji ta, sai na zagaya, zagayen kuma ya kai mu inda ya kai mu.

Yanzu ka san gaskiyar. Amma dariyar Umma ba amsa ba ce. Har yanzu ban san abin da za ka ce a kan kurma ba, kuma ina jira.

Wane launi ne yadin?

'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kuke lafiya. Ni ma lafiya, sai kunya. Na zauna a kan buhun dankali na sake tuno abin da na rubuta, kalma bayan kalma, ina jin yadda ya shiga kunnenki. Ki yafe mini. Kada ki nuna masa takardar nan, ko kuma ki nuna masa bayan an ɗaura, lokacin da ba zai iya fasawa ba.

Kurumta ba laifi ba ce, ba kuma hali ba ce. Ni kaina kunnen hagu ya fara yi mini yaji saboda ƙarar injin. Su zo gaisuwa, mahaifiyarki ta karɓe su da sunana.

Amma tunda ni ne waliyyi, bari in yi tambayoyina, kada ki ɗauke su da zafi. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa yana ciki shi kaɗai, yaya ake yi? Idan Allah ya kawo haihuwa jariri ya yi kuka ke kina wanka fa? Idan kin dawo daga aiki da abin da ya cika miki ciki, hannu yana iya ɗaukar duk abin da baki yake ɗauka? Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, don na san ki da surutu tun kina rarrafe. Sannan ranar ɗaurin aure, yaya zan tambaye shi ya amsa mini, shaidu su shaida?

Na nemi hutu a ƙarshen wannan zagayen, kyaftin ya ce zai duba. Kada ku tsayar da rana sai na tabbatar miki.

Yadin ruwan toka ne mai ɗigon shuɗi.

Baffanki

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Umma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta riga ka, ta iya cewa sannu da zuwa da kuma ƙara abinci da hannu, kuma na biyun ta fi yi.

Sun zo, mahaifiyarsa da yayansa da wani kawunsu mai dogon bayani. An yi lafiya an tashi lafiya.

Ga amsoshinka. Ƙararrawar gidansa fitila ce, idan an danna sai ta yi ta walƙiya a kowane ɗaki. Na jariri ma akwai irinta, ya riga ya nuna mini a waya tun ban tambaya ba, har na ji kunya. Maganar surutu kuwa, Baffa, shi ya fi ni. Idan ya fara ba ni labarin mai kujerar da ya ce a mayar masa da ita sabuwa amma kada a canza komai, sai shayina ya huce. Akwai abin da har yanzu hannuna bai kai ba, sai in rubuta, ko in yi shiru ya duba fuskata. Ba kullum yake cankar daidai ba, amma kullum yana dubawa.

Mun je ofishin rajistar aure. Matar da ke wurin ta ce sai an manna sanarwa a allon ƙofa na wasu makonni kafin ranar, ko akwai mai ja. Ana son shaidu biyu. Da na ce ni zan yi masa tafinta sai ta leƙo ta saman tabaranta ta ce, "Amarya ba ta yi wa ango tafinta. Idan ya ce a'a kika ce ya ce eh fa?" Na fassara masa, ya ce matar ta san aikinta. Dole a kawo tafinta wanda ba dangi ba, ba kuma shaida ba, ya yi rantsuwa zai faɗi abin da aka faɗa. Mun samu wata malama da ta koyar da shi yana yaro. Ita za ta tsaya a wajen ɗaurin auren ma, kai ka yi tambayarka, ya amsa a gaban kowa.

Zauren liyafa ne ya ba mu aiki. Na farko yana da kyau amma duhu, fitilu ja da kore, abokansa ba za su ga hannun juna ba. Mun ɗauki na makarantar da ke bayan layinmu, mai manyan tagogi. Teburan masu zagaye za a sa, kuma an hana doguwar fulawa a tsakiya, wai tana katse hira. Kujerun zauren duk sun yage, ya ce ba za a zaunar da baƙinsa a kansu ba, yanzu haka rabinsu suna shagonsa.

Na nuna masa takardar, ban jira ba. Ga abin da ya ce in sa maka, da hannunsa:

Baffa, ina gaisuwa da girmamawa. Na karanta labarin mai taba. Ni ba na sha. Mahaifiyata ta ce in gaya maka gaskiya, ina yaro rashin jin iri biyu ne da ni, amma ɗaya ya warke. Ina jiran zuwanka.

'Yarka

*

Uwata,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Hutu ya tabbata, ku manna sanarwarku. Ki ce wa surukina amsarsa ta zagaya jirgin nan kaf, har kyaftin ya ji.

Ga wani sirri, kada ki gaya masa. Akwai wani a ɗakin injin, mutumin wata ƙasa ne, ƙanwarsa kurma ce. Na yi ciniki da shi: ina ajiye masa cinyar kaza, shi kuma yana koya mini magana da hannu bayan an tashi daga cin abinci. Yatsuna sun yi tauri, ya ce ina yi kamar mai murɗa wuyan kifi. Abu ɗaya nake so in iya, abin da zan gaya wa yaron nan a gaban mutane ba tare da wani ya tsaya tsakaninmu ba. Ina maimaitawa ina jiran ruwa ya tafasa. Jiya wani ya leƙo kicin ya gan ni, ya koma da baya a hankali.

A kai yadin da zan aiko wajen tela da wuri. Ni kuma kada a ɗinka mini komai, ina da rigata.

Baffanki

*

Uwata, amarya,

Assalamu alaikum. Na iso jirgi lafiya, na tarar wanda ya riƙe mini kicin ya dasashe mini wuƙaƙe duka. Yaya gida, yaya maigidan? Ina fata mahaifiyarki ta huta, don ranar nan ta manta tana da gwiwa.

Akwai abin da ban gaya miki ba a cikin hidima. Ana gobe ɗaurin aure, da kika aike ni karɓo takalmi, shagonsa na wuce. Ni kaɗai, ba tafinta. Na tarar da shi a durƙushe da ƙusoshi a baki yana fama da kujerun zauren da suka rage. Ya miƙe zai ba ni wurin zama, na ƙi, na tuɓe riga na kama masa yadi yana bugawa. Haka muka yi har la'asar. Idan na ja da yawa sai ya taɓa mini wuyan hannu in sassauta. Ban taɓa yin aiki da mutum cikin sauƙi haka ba.

Da muka gama na ɗauki allin da yake zana yadi da shi, na rubuta a jikin katako: idan ta yi fushi fa? Ya karanta, ya yi murmushi, ya rubuta a ƙasa: tana sa hannu a aljihu. Na rubuta: kai kuma? Ya rubuta: ina jira, aljihun ba shi da zurfi. Sai ya goge da tsumma, ya kawo mini ruwa. Daga nan na daina tambaya.

Yanzu ke ki gaya mini gaskiya. A wajen liyafa da na tashi na yi masa jawabina da hannu, na ga zauren ya yi tsit, malamar ta buɗe baki ta rufe, abokansa suna kallon juna. Shi kuma ya taso ya rungume ni. Na yi daidai kuwa? Abin da na ce shi ne: na ba ka ita, ka riƙe ta da kyau, kai ɗana ne yanzu. Tun a mota nake ta saƙawa.

Baffanki

*

Baffa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gida ya fara zama gida. Umma ta kwanta kwana biyu da gwiwa, ta ce ba ta yi nadama ba. Takardar aure ta fito, ya yi mata firam da ragowar katako.

Ka ce in faɗi gaskiya. Baffa, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Ashe maganar hannu ma kowace ƙasa da tata, abokinka na ɗakin injin ta ƙasarsu ya koya maka. Malamar ta ce ta yi rantsuwa ba za ta ƙara ba ba za ta rage ba, shi ya sa ta yi shiru. Wani abokinsa ya ce a nasu yaren, wurin da ka dafa ƙirji ka juya hannu ya yi kama da neman a ƙara gishiri.

Na tambaye shi to me ya sa ya taso. Ya ce ya ga dattijo ya tsaya a gaban jama'a, yana yin abin da ya sha wahalar koyo saboda shi, me kuma ya rage bai gane ba? Da na nuna masa ma'anar a takardarka sai ya fita baranda ya daɗe. Yanzu ya sa an turo masa hoton bidiyon jawabinka, yana koyon naka yadda ka yi shi, ya ce idan ka dawo da shi za ku riƙa gaisawa.

Wani abu kuma. Su kurame ba sa kiran mutum da haruffan sunansa, alama suke ba shi, kuma ba kai kake zaɓa ba. Ni tawa yatsu biyu ne a gefen ido, saboda tabarau. To abokansa sun zauna sun ba ka taka. Yatsa ɗaya ne a share ƙarƙashin ido. Sun ce tun daga ofishin rajista har aka watse, abin da suka ga kana yi ke nan.

'Yarka

*

Uwata,

Ina gaisuwa, ku gaishe da mahaifiyarku. Ni lafiya.

Ki gaya wa mutanen nan tagogin zauren ne suka yi yawa, haske ya shige mini ido. Na je ɗakin injin na yi wa malamina ƙorafi, ya ce shi ba a tambaye shi yaren wace ƙasa ake so ba, kaza aka ba shi.

Kuskuren da na yi shi ne na nuna masa alamar. Yanzu duk jirgin nan ba mai kirana kuku. Safiyar yau kyaftin da kansa ya leƙo yana neman shayi, sai kawai ya sa yatsa ya share ƙarƙashin ido. Na zuba masa.

Ki ce wa ɗana na karɓi sunan.

Baffanku